Shafin Jijiya, Rinjayen Tsatsa da Ƙananan RNA: Bayani a kan Amosanin Jini

Malaman makarantun Gyallesu da Tudun Wada, da ɗaliban kwalejin horon malamai wadda aka kafa a wannan gefe na Zariya cikin 1962, duk sun san irin yaron nan da kujerarsa kan zauna wofi da zarar hunturu ya kama. Yaro ne mai rama, farin idonsa da ɗan ruwan ɗorawa, amma wajen basira bai gaza kowa ba. Ya kan yi mako biyu ko uku ba ya nan, in an tambaya a ce ƙafa ce, ko baya, ko ƙirji. A gida a kan ce amosanin jini ne, a asibiti kuwa a ce sikila. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana da Hausa abin da ke aukuwa cikin jijiyoyin wannan yaro, bisa ga ilmin da masana suka tara daga 1980 zuwa yau, a kuma gwada ko kalmomin da harshen ya ke da su sun isa ɗaukar bayanin.

Amosani tsohuwar kalma ce, tana da faɗi ƙwarai, tun daga amosanin kai, wanda bai wuce ɓarɓashin fata ba, har zuwa amosanin ƙashi mai hana barci. Sikila kuwa baƙuwa ce. Tushenta sunan lauje ne a Turanci, domin wani likita na Shikago, James Herrick, ya ba da labari cikin 1910 cewa an ga jajayen ƙwayoyin jinin wani ɗalibi sun lanƙwashe kamar lauje. Bahaushe ya karɓi kalmar ya ba ta aiki biyu, ya kan ce wane yana da sikila, ya kuma ce wane sikila ne. Sunayen nan biyu, ɗaya ya dubi ƙashi da jini, ɗaya ya dubi siffar ƙwaya. Ba wanda ya ambaci hanyar da jinin ke bi, alhali kuwa a nan ne ɓarna mai yawa ta ke.

To, a nan ne wuyar farko ta ke. Kalmar jijiya ita kaɗai ce Hausa ta tanada domin abubuwa da dama waɗanda likita ba ya yarda a gama su: hanyar da ke fitar da jini daga zuciya, da wadda ke komo da shi, da zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi. Mahauci bai taɓa damuwa da wannan ba. Malamin kimiyya kuwa tilas ya rarrabe, saboda haka ko'ina aka ce jijiya a cikin wannan takarda, jijiyar jini a ke nufi.

Kowace jijiya, tun daga babbar nan da ke fita daga zuciya har zuwa 'yan siraran da ido ba ya gani, an lulluɓe cikinta da ƙwayoyin halitta falle ɗaya tak, shimfiɗaɗɗu, kowace ta haɗa gefe da 'yar'uwarta. Wannan falle ba shi da suna a Hausa. Ana iya aro daga marina a ce laso, tun da ya ke laso ne ke hana rijiyar baba yoyo. Amma laso mataccen abu ne, an shafa shi an gama. Ana iya aro daga maɗinka a ce shafi, watau ƙyallen nan mai laushi da a ke ɗinka wa babbar riga ta ciki. Wannan ya fi dacewa, ko da ya ke mai karatu na iya ruɗa shi da shafin littafi. In an ce shafin jijiya ruɗani ya kau. Da wannan suna za a kira shi.

Shekaru da yawa likitoci sun ɗauki shafin jijiya kamar laso ne, aikinsa hana yoyo kurum. Cikin 1980 Robert Furchgott da John Zawadzki, a birnin Niyok, suka nuna ba haka ba ne. Sun yanki babbar jijiyar zomo suna ɗiga mata wani magani. In shafin yana nan lafiya, sai tsokar jijiyar ta saki, jijiya ta buɗe. In an kankare shi, ko da kuskure ne wajen shirya naman, sai ta ƙi saki. Ashe shafin ne ke aika wa tsoka umurni. Cikin 1987 aka tabbata cewa saƙon wata iska ce da a ke kira naitirik oksaid, wadda ba ta rayuwa fiye da 'yan daƙiƙoƙi. An ba Furchgott da Louis Ignarro da Ferid Murad lambar Nobel a kan wannan cikin 1998. Iskar nan ba buɗe jijiya kaɗai ta ke yi ba. Tana hana jini daskarewa inda bai kamata ba, tana kuma hana fararen ƙwayoyin jini manne wa bango. Jijiya mai lafiya ita ce wadda shafinta ke fitar da ita a kai a kai.

Sai maganar tsatsa. Kowa ya ga adda ta kwana a raɓa ta yi ja, ya kuma ga ɓarin goro ya yi duhu in an bar shi a sarari. Abu guda ne ke yin duka biyu, watau iskar oksijin, wadda halinta ne ta fizgi wani abu daga jikin abin da ta taɓa. Jikin mutum da ita ya ke rayuwa, domin a cikin ƙwayoyin halitta akwai 'yan murahu inda a ke ƙona abinci da ita a sami ƙarfi. Amma ba maƙerar da ba ta tartsatsi. Wani ɗan kaso na oksijin kan kuɓuce bai gama ƙonewa ba, ya zama abu mai zafin hali, ya ci kitsen bangon ƙwaya, ya ɓata furotin, har ya taɓa kundin gado. Waɗannan su ne tartsatsin oksijin. Jiki yana da masu kashe su. Cikin 1969 Joe McCord da Irwin Fridovich suka gano wani furotin wanda ba shi da aiki sai kashe iri ɗaya na tartsatsin, akwai kuma wani sinadari, gulutatayon, mai yawa cikin jajayen ƙwayoyi. Bisa waɗannan duka akwai wani furotin da a ke kira NRF2, wanda in ya ji wuta ta yi yawa sai ya shiga cibiyar ƙwaya ya ta da ma'aikata.

Cikin 1985 wani masani Bajamushe, Helmut Sies, ya raɗa wa halin da tartsatsi ya fi ƙarfin masu kashe shi suna. Kalmar Turancin da ya ɗauka ita ce wadda masu fassara suka saba juyawa da damuwa ko gajiya, har a kan ji a rediyo ana cewa ƙwayoyin jiki sun shiga damuwa. Wannan fassara ba ta yi ba, gama ba zancen ɓacin rai a ke yi ba. Abin da Sies ya nufa shi ne ma'auni ya karkata gefe guda. Hausa kuwa tana da kalmar wannan daidai, watau rinjaye. Rinjayen tsatsa ya fi, domin yana nuna cewa akwai gefe biyu, kuma ba a bukatar tartsatsi ya ƙare ƙaf. Lalle ma ba a so ya ƙare, tun da ya ke da shi fararen ƙwayoyi ke kashe cuta, da shi kuma ƙwayoyi ke yi wa juna ishara.

Abin da ya haɗa wannan da shafin jijiya shi ne, tartsatsi da naitirik oksaid ba sa ga maciji. Da sun gamu sai su haɗe nan take, iskar ta salwanta, a sami wani sabon abu mai guba. Shi kuma ya lalata wani mataimaki na furotin ɗin da ke ƙera iskar, sai furotin ɗin ya koma ƙera tartsatsi maimakon aikinsa na asali. Mai kashe gobara ke nan ya zama mai hura ta. Haka a ke samu cikin hawan jini da ciwon sukari da shan taba, amma ba inda abin ya fito fili tun ana ƙuruciya kamar amosanin jini.

Asalin ciwon ƙanƙane ne. Jan abin da ke cikin ƙwayar jini, himogulobin, yana da sarƙa mai ɗauri 146, na shida kaɗai ne ya sāke. Linus Pauling ya nuna cikin 1949 cewa himogulobin ɗin ya bambanta, Vernon Ingram kuma ya gano wurin bambancin a Kambirij cikin 1956 da 1957. Wanda ya gāji wannan daga iyaye biyu, in ƙwayarsa ta sauke oksijin sai himogulobin ya harhaɗe kamar tsinkaye, ƙwaya ta sandare. Jar ƙwaya mai lafiya ta fi waɗansu siraran jijiyoyi faɗi, sai ta naɗe kana ta wuce. Sandararriya ba ta iyawa. Mai lafiya kan yi kwana 120, mai lauje kuwa 10 zuwa 20. Waɗansu cikinsu a cikin jijiya su ke fashewa, himogobulin ɗinsu ya tsiyaye, shi kuwa tsirara yana lashe naitirik oksaid da saurin da ya ninka na wanda ke cikin ƙwaya wajen sau 1,000. Ƙarfen da ke cikinsa kuma ya ƙara hura tartsatsi. Robert Hebbel ya nuna cikin 1980 cewa ƙwayoyin nan suna manne wa shafin jijiya, cikin 1982 kuma ya nuna tartsatsin da su ke fitarwa ya ninka na masu lafiya wajen sau biyu. Shafi ya fusata, ya yi danƙo, fararen ƙwayoyi su maƙale, jajaye su taru a bayansu, hanya ta toshe. Naman da ke gaba ya rasa iska. Wannan shi ne ciwon da ke sa yaro kururuwa da tsakad dare, kuma dalilin da ya sa sanyi da ƙishirwa ke tayar da shi a bayyane ya ke: sanyi yana tsuke jijiya, ƙishirwa tana kaurara jini.

Ƙasar Hausa ta ba duniya ɗaya daga cikin shaidu mafi nauyi game da wannan ciwo. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya suka yi babban binciken zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Garki, wadda a lokacin ta ke cikin Jihar Kano, yau kuwa Jigawa. Alan Fleming, malamin ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen ƙauyukan, suka buga sakamako cikin 1979. Cikin jarirai 100 wajen 2 an haife su da ciwon. Cikin manya kuwa da ƙyar a ke samun ko ɗaya. Ba sai an faɗi inda suka tafi ba. Mai yiwuwa ne waɗansu matan da aka riƙa kira masu wabi wannan ne ya same su. Binciken ya kuma ƙarfafa abin da Anthony Allison ya faɗa cikin 1954, cewa wanda ya gāji abin daga gefe ɗaya kaɗai ya fi jure wa zazzaɓi, shi ya sa irin bai ɓace ba. A Nijeriya wajen mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da shi ta gefe ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cikin 2006 cewa jarirai wajen 150,000 a ke haifa da ciwon a ƙasar kowace shekara.

Amma ga wani abin mamaki. Yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗauri na shida ya sāke musu daidai wa daida, ɗaya kullum yana asibiti, ɗaya sai jifa-jifa. Dalilai suna da yawa, babba daga ciki shi ne yawan himogulobin irin na jarirai da ya saura a jinin kowannensu. Wani dalilin kuma sabo ne, daga wata 'yar tsutsa aka samo bakin zarensa.

A cibiyar ƙwaya akwai kundin gado, DNA, wanda ba ya fita. In ana bukatar wani furotin sai a kwafi babinsa a kan wani zare mai kama da shi, RNA, a aike da shi inda a ke ƙira. Wannan shi ne RNA jakada. Cikin 1993 Victor Ambros da abokan aikinsa, suna nazarin wata tsutsa wadda tsawonta bai fi milimita 1 ba, suka sami wani RNA mai harafi 22 kacal, ba ya ɗauke da saƙon ƙira ko kaɗan. Gary Ruvkun kuma ya nuna aikinsa: yana neman jakadan da haruffansa suka dace da nasa, ya manne masa, ya hana a karanta shi. Aka ce wannan al'adar tsutsa ce. Sai cikin 2000 Ruvkun ya sami na biyu, let-7, aka tarar yana cikin ƙuda da kifi da mutum. Yau an san fiye da 1,000 a jikin ɗan Adam, an kuma ba mutanen nan biyu lambar Nobel cikin 2024. Ƙanƙanin RNA ba takobi ba ne, linzami ne. Galibi ba ya kashe saƙo ɗungum, rage masa gudu ya ke yi, kuma guda ɗaya na iya riƙe jakadu ɗaruruwa. Sunayensu lambobi ne, kamar miR-126, ba abin da fassara za ta ƙara musu.

Shi miR-126 ɗan gida ne a shafin jijiya. Cikin 2008 aka cire shi daga ɓeraye da wani ɗan kifi, sai jijiyoyinsu suka riƙa yoyo, ɓeraye da yawa suka mutu tun a ciki. Yana kuma danne wani furotin mai danƙo wanda fararen ƙwayoyi ke kamawa. Cikin 2010 aka auna jinin mutanen garin Bruneck a arewacin Italiya aka tarar ya ragu a jikin masu ciwon sukari. Akwai kishiyarsa, miR-200c. Masana a Rum sun nuna cikin 2011 cewa in an zuba wa ƙwayoyin shafi tartsatsi sai ya hauhawa, ƙwayoyin su daina haihuwa, su tsufa ko su mutu. Daga baya aka ga yana rage ƙirar naitirik oksaid kuma. Tartsatsi ke nan ya ja linzamin da zai ƙara tartsatsi. Na uku, miR-92a, gudun jini ne ke juya shi. Wanda ya tsaya bakin Kubanni da damina ya ga inda ruwa ya miƙe ba ya barin shara, inda ya yi kwana ya juya kuwa nan yayi ke taruwa. Haka jijiya ta ke. A mararraba da lanƙwasa, inda jini ke kai da komo, miR-92a ya kan yi yawa ya danne masu tsaron shafi, nan ne kuma kitse ya fi son kwanciya.

Wanda ya shafi amosanin jini kai tsaye shi ne miR-144. Jar ƙwaya in ta balaga ba ta da cibiya, amma tana riƙe da ƙananan RNA da ta taho da su daga ɓargo. Cikin 2010 Carolyn Sangokoya da Marilyn Telen da Jen-Tsan Chi, a Jami'ar Duke ta Amurka, suka tarar cewa masu sikilar da miR-144 ya yi yawa a ƙwayoyinsu sun fi ƙarancin jini. Jakadan da ya ke riƙewa kuwa na NRF2 ne. In an ja wa wannan linzami, gulutatayon ya ragu, ƙwaya ta kasa jure tartsatsi, ta fashe da wuri, abin da ya tsiyaye ya ci shafin jijiya. Cikin 2012 kuma aka nuna a jami'ar nan cewa miR-451 da let-7i, waɗanda ke da yawa cikin ƙwayoyin masu ɗauke da irin, suna shiga jikin ƙwayar cutar zazzaɓi su ɓata mata jakadunta. Wannan ɗaya ne kawai daga cikin dalilan abin da aka gani a Garki, amma dalili ne da ba wanda ya yi tsammaninsa cikin 1979.

Ya kamata mai karatu ya yi hattara a nan. Yawancin wannan ilmi daga kwanon gwaji da ɓeraye ya fito, kuma har zuwa 2024 ba a amince da wani magani da aka gina a kan ƙananan RNA na wannan iri ba. Wani da aka gwada a kan masu ciwon daji an tsai da gwajinsa cikin 2016 bayan waɗansu sun mutu, domin linzamin da ke riƙe dawakai ɗari ba a ja shi saboda doki guda. Zancen tsatsa ma haka. An yi zaton in an sha bitamin masu kashe tartsatsi jijiya za ta tsira, amma wani gwaji a Ingila a kan mutum fiye da 20,000, wanda aka buga cikin 2002, bai nuna wani amfani ga zuciya ba. Masu tallan maganin wanke jini a bakin tasha sun riga sun koyi sababbin kalmomin nan, suna yi wa kwalba ado da su. Zogale da zoɓo abinci ne masu kyau, amma ba su ne maganin sikila ba.

Abin da ya tabbata yana da amfani tsohon magani ne mai araha, haidiroksiyuriya, wanda aka nuna cikin 1995 yana rage tashin ciwon da wajen rabi. Yana ƙara himogulobin irin na jarirai, wanda ba ya harhaɗewa, yana rage fararen ƙwayoyi, fashewa ta ragu, shafi ya huta. Babban abin tsoro ga yara shi ne shanyewar ɓarin jiki, gama a Amurka an ƙidaya wajen 11 cikin 100 na masu ciwon sun gamu da ita kafin shekara 20. Ana gane wanda ke cikin haɗari da wata na'ura da a ke ɗora wa a gefen kai ta auna gudun jini. In ya kai santimita 200 cikin daƙiƙa, jijiya ta tsuke. A ƙasashen Turai da Amurka ƙarin jini a ke yi wa irin wannan yaro wata-wata, abin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje a nan. Saboda haka likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da waɗansu asibitocin Arewa, tare da Jami'ar Vanderbilt, suka gwada maganin a kan yara 220 masu wannan alama. Sakamakon da aka buga cikin 2022 ya nuna shanyewar jiki ta yi kaɗan, kuma ƙaramin awo, miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro, bai gaza na 20 ba.

Malamin aji ba likita ba ne, amma shi ke tare da yaron tun safe har azahar. A bar masa gorar ruwansa a kan tebur, a bar shi ya fita fitsari ba tare da tuhuma ba, domin ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa kamar ta sauran, a nisanta shi da taga da hunturu, kada a tilasta masa gudu. In jikinsa ya yi zafi, a ranar za a kai shi asibiti. In bakinsa ya karkace, ko alli ya faɗi daga hannunsa, ko maganarsa ta sarƙe, ko da na ɗan lokaci ne ya warware, jijiyar ƙwaƙwalwa ce, ba a jira a tashi. Wani lokaci ma ba a ganin kome, sai dai yaron da ya iya lissafi bara ya kasa bana, domin akwai 'yar toshewar da ba ta shanye gaɓa amma tana taɓa tunani. Awon gefen kai daga shekara 2 zuwa 16 a ke yinsa, sau ɗaya kowace shekara.